Lissafin iska a Excel: me ya sa jirgina yake kauce wa Katsina?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina koyon tuƙin ƙaramin jirgi a kwamfuta, Cessna 172 nake tashi da shi a Microsoft Flight Simulator. So nake in daina bin layin GPS, in riƙa tsara tafiyata da kaina. Na haɗa lissafin iska a Excel, na sa iska daga digiri 050 mai ƙarfin not 20, gudun jirgi kuma 110. Daga Kano zuwa Katsina ya ba ni gyaran digiri 9.7, na ga kamar daidai ne. Amma daga Kano zuwa Zariya sai ya ce in karkata digiri 7.4, alhali iskar kusan daga bayana take. Kuma ko ranar da lissafin ya yi kama da gaskiya, in na kunna yanayin zahiri sai in fito nesa da filin jirgin. Laifin fomula ne ko na manhajar?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, me ya sa fomular take daidai a wata hanya ta kuma ɓata a wata. Ta biyu, me ya sa amsar da ta yi kyau a takarda ba ta kai ka bakin titin jirgi. Ta farkon ƙarama ce, alƙaluman da ka turo sun riga sun tona ta. Ta biyun ce take da aiki, domin a ganina lissafin kansa shi ne mafi sauƙi a duk wannan harka. Abin da ake zubawa a cikinsa shi ne inda ake yawan zamewa.

Abin da ake ƙoƙarin lissafawa

Jirgi yana tafiya ne a cikin iska, ita kuma iskar gaba ɗayanta tana tafiya a kan ƙasa. Duk wanda ya taɓa kallon mai fito yana ƙetare kogi ya san ba ya saita goshin kwale-kwale kan mashigar da yake nufi, sama da ita yake saitawa, ruwa ya sauko da shi. Don haka abubuwa biyu ne da ba a haɗa su: alƙiblar hanya, wato layin da ka zana a taswira, da alƙiblar hanci, wato inda goshin jirgi ya fuskanta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kusurwar gyara. Haka gudu ma biyu ne, gudun jirgi a cikin iska da gudunsa a kan ƙasa, kuma na biyun ne yake gaya maka lokacin isa da man da za ka ƙona.

Matuƙa sun daɗe suna wannan lissafi da faifan nan mai juyawa da ake kira E6B, wanda wani hafsan sojan ruwan Amurka, Philip Dalton, ya ƙirƙira a shekarun 1930. Har yau ana koyar da shi. Abin da Excel zai yi maka shi ne aikin bayan faifan, amma na zango da yawa a lokaci guda. Ma'aunan su ne mil na teku, wanda ya yi kilomita 1.852, da not, wato mil ɗaya na teku a awa, sai tsayi da ake aunawa da ƙafa.

Ga tsarin da nake amfani da shi. Kowane zango layi ɗaya ne. A gidan A sunan zangon, B alƙiblar hanya, C nisa, D gudun jirgi cikin iska, E inda iska take fitowa, F ƙarfinta. Waɗannan kai ne kake cikewa. Sauran kwamfuta ce take fitarwa:

G2: =RADIANS(E2-B2)

H2: =DEGREES(ASIN(F2/D2*SIN(G2)))

I2: =MOD(B2+H2,360)

J2: =D2*COS(RADIANS(H2))-F2*COS(G2)

K2: =C2/J2*60

G ita ce kusurwar da ke tsakanin iska da hanya, H gyaran, I alƙiblar hanci, J gudu a kan ƙasa, K mintunan tafiya. In H ta fito da alamar ragi, hagu za ka karkata. In babu alama, dama. Da gangan na ware G a gidanta maimakon in cusa komai cikin doguwar fomula ɗaya. Doguwar fomula tana burge mai kallo, amma ranar da ta ba da amsar banza ba ka da ta inda za ka leƙa ka ga ɓarakar. Waɗannan layuka suna aiki haka a Google Sheets da LibreOffice Calc. 'Yan'uwa na Nijar masu Excel na Faransanci su lura cewa DEGREES a wajensu DEGRES ne, IF kuma SI, sannan waƙafi mai ɗigo ake rabawa da shi a madadin waƙafi.

Inda taka ta ɓace

Excel ba ya karɓar digiri a SIN da COS, radiyan yake karɓa. Da'ira cikakka digiri 360 ce, amma a radiyan kusan 6.283 ce. Kai ka mayar da amsar ƙarshe zuwa digiri, amma ba ka mayar da kusurwar farko zuwa radiyan ba. Ga yadda na gane. Alƙiblar hanya daga filin Malam Aminu Kano zuwa na Katsina kusan 319 ce, nisan kuma kimanin mil 77. In ka cire 319 daga 50 za ka sami 269 da alamar ragi. In aka ba SIN wannan adadi a matsayin digiri, amsar 0.9998 ce, gyaran ya zama 10.5. In ya ɗauke shi a matsayin radiyan, amsar 0.92 ce da ɗan kai, gyaran ya zama 9.7, wanda shi ne adadin da ka turo. Katari kawai aka yi amsar ta faɗo kusa da gaskiya.

A hanyar Zariya katarin bai zo ba. Alƙiblar kusan 222 ce, nisan kimanin mil 74. Bambancin da iska 172 ne da alamar ragi. Amsar gaskiya kusan digiri 1.5 zuwa hagu, amma lissafin da ba a mayar zuwa radiyan ba yana ba da 7.4. Hankalinka ya yi daidai da ya ƙi yarda: iskar da take kusan tsakar baya ba ta da ƙarfin tura jirgi gefe har haka.

Wannan irin kuskure ya fi wanda ke fitar da saƙon #NUM! haɗari, domin amsarsa tana kama da amsa. Shi ya sa ba na yarda da kowane jadawali, ko nawa ko na wani, sai na jarraba shi da tambayoyin da na riga na san amsarsu. Sa ƙarfin iska ya zama sifili: gyara dole ya zama sifili, gudun ƙasa ya zama 110 cif. Sa iska daga alƙiblar da kake nufi: gyara sifili, gudu 90. Sa ta daga baya sak: 130. Sa ta daga dama da tazarar digiri 90: gyara ya fito babu alamar ragi, kusan 10.5. Sannan ka gwada hanyar da ke kusa da arewa, misali 355 da iska daga gabas, ka tabbata alƙiblar hanci ta zagayo ta zama 005 da 'yan kai, ba 365 ba. Aikin MOD ke nan. Jarrabawar ba ta cin minti biyar, kuma da ka yi ta da tuni ka kama matsalar.

Da fomular da aka gyara, Kano zuwa Katsina zai ba ka alƙiblar hanci 329.5, gudun ƙasa 108.5, tafiyar minti 43 ba kaɗan. In ka ƙi yin gyaran gaba ɗaya ka saita hanci kan 319, iskar not 20 za ta yi ta tura ka na kusan minti 42, ka tsinci kanka kimanin mil 14 kudu maso yamma da filin. A cikin ƙurar hunturu mil 14 ya isa ka wuce garin ba ka gan shi ba.

Hanyar Zariya kuma tana nuna wani abu da mutane da yawa ba sa yarda da shi sai sun gani a jadawali. Zuwa, gudun ƙasa 129.8, minti 34. Dawowa a kan 042, gudun ya faɗo 90.2, minti 49. Jimla minti 83 da ɗan kai, alhali da babu iska minti 81 ba kaɗan ne. Abin da iskar baya ta ba ka bai biya abin da iskar gaba ta karɓe ba, saboda ka fi daɗewa a ɓangaren da kake tafiya a hankali. Iskar gefe ma tana rage gudu a zuwa da dawowa, domin wani kaso na ƙarfin jirgin ya tafi wajen tokare ta. In kana lissafin man zuwa da dawowa, kada ka ce iska za ta rama wa kanta.

Abin da ake zubawa a gidajen D, E da F

Yanzu ga tambaya ta biyu. Mu ɗauka fomula ta gyaru, amma ka kunna yanayin zahiri ka sake fitowa a gefe. Abubuwan da nake tuhuma, zan fara da wanda ya fi yawan faruwa.

Na farko, wace iska ka zuba? Mafi yawan masu farawa rahoton yanayi na filin jirgi, wanda ake kira METAR, suke karantawa, su ga misali 05012KT, su rubuta 050 da 12. Karatun daidai ne, amma wannan iskar da aka auna ce a tsayin kimanin mita 10 daga ƙasa. Tana da amfani wajen tashi da sauka. Kai kuwa tafiyarka a ƙafa 6,500 take, inda bishiyoyi da gine-gine da tuddai ba sa riƙe iska, don haka yawanci ta fi ƙarfi, kuma alƙiblarta takan sauya. A yankinmu bambancin yana iya zama babba ƙwarai. Da hunturu iskar arewa maso gabas ce take rinjaye. Da damina kuwa iskar ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa da danshin teku, amma samanta akwai iska mai ƙarfi daga gabas, wadda take kaiwa ganiyarta a tsayin kilomita 3 zuwa 4. Wato kana iya tashi daga Kano a watan Agusta da iskar kudu maso yamma, ka hau sama ka iske ta juye. Wanda ya zuba iskar METAR a irin wannan rana zai karkata hanci ta inda bai kamata ba, kuma jadawalinsa ba zai ce masa uffan ba. Abin da kake buƙata shi ne hasashen iskar sama a tsayin da za ka bi. Shafin Windy yana da maɓallin da ake ja a zaɓi tsayi. Sai dai ka sani yanayin zahiri na Microsoft Flight Simulator daga kamfanin meteoblue yake fitowa, ba lallai ne ya zo ɗaya da abin da ka gani a wani shafi ba. Bambancin 'yan not da 'yan digiri abu ne da za ka saba da shi.

Na biyu, daga ina ko zuwa ina. A harkar jirgin sama ana kiran iska da inda take fitowa. Iskar 050 daga arewa maso gabas take, kudu maso yamma ta nufa. Kibiyoyin da ke kan taswirar yanayi kuwa sau da yawa inda ta nufa suke nunawa. In ka juya wannan, gyaranka zai fito da girman da ya dace amma a hannun da bai dace ba, ka ninka kaucewar da kake gudu. A hanyar Katsina, maimakon mil 14 sai ya kusa 28.

Na uku, gudun da ka sa a gidan D. Allurar gudu da ke gabanka a Cessna matsin iska take aunawa, kuma iska tana yin shara-shara in an hau sama, don haka allurar tana nuna ƙasa da gudun gaskiya. In ta nuna 100 a ƙafa 6,500 a yanayin ma'auni, gudun gaskiya kusan 110 ne. Yanayin ma'aunin nan yana ɗaukar zafi digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, wato kusan digiri 2 a wancan tsayin. Mu kuwa ba mu cika samun wannan sanyi ba. In ma'aunin zafi na waje ya nuna 22, iskar ta yi shara-shara kamar ta ƙafa 8,900, gudun gaskiya ya haura 114. Matuƙa suna da gajeren lissafi na ƙara kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000, wanda ya isa a ka. Amma tunda kana da Excel, ka yi na sosai. In tsayi yana M2, zafin waje N2, gudun allura O2:

P2: =M2+120*(N2-(15-2*M2/1000))

D2: =O2/SQRT((1-0.0000068756*P2)^4.2559)

Kuskuren nan bai cika ɓata alƙibla sosai ba, amma yana ɓata lokaci. In ka sa 100 a inda ya kamata ya zama 114, za ka iso da wuri da mintuna da dama, kana ta dubawa gaba alhali filin yana ƙarƙashinka ko ma bayanka. Jirgi mai allon G1000 yana nuna gudun gaskiya a ƙasan ma'aunin gudu, sai ka gwada da abin da jadawalinka ya fitar.

Na huɗu, arewa biyu ce. Akwai arewar taswira, akwai wadda allurar kamfas take nunawa. METAR da hasashen iskar sama da layin da ka zana duk da arewar taswira ake auna su. Kamfas ɗin jirgi da lambobin titin jirgi da iskar da hasumiya take faɗa maka a rediyo kuwa da arewar maganaɗisu suke. Ka'idar ita ce ka yi dukkan lissafi da ta taswira, sai a ƙarshe ka juya sau ɗaya tak. In bambancin da ke tsakanin arewar biyu na gabas ne a rage, in na yamma ne a ƙara. Ajiye shi a gida ɗaya, misali R1, gabas babu alama, yamma da alamar ragi, ka rubuta =MOD(I2-$R$1,360). Alamar dala ita ce take hana gidan gusawa in ka ja fomular ƙasa. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, don haka ba na jin shi ne ya kautar da kai daga Katsina. Amma ka saka gidan tun yanzu, domin ranar da ka kai jirginka birnin Siyatil na Amurka, inda bambancin ya kai wajen digiri 15 gabas, zai fi gyaran iskar kansa girma.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Wasu shafuka da kilomita a awa suke nuna iska, wasu da mita a daƙiƙa, har METAR na Rasha ma haka yake zuwa. Mita ɗaya a daƙiƙa not 1.94 ne. A Cessna mai tsofaffin agoguna, agogon alƙibla yana zamewa a hankali, sai an riƙa daidaita shi da kamfas kamar kowane kwata na awa. In kuma kana kunna matuƙin da ke sarrafa kansa, ka sa shi a HDG, wato ya riƙe alƙiblar hancin da ka saita. A NAV, wato bin layin hanya, shi yake gyaran iska da kansa, ba za ka taɓa sanin ko lissafinka ya yi ba.

Yadda nake gwadawa, da abin da nake yi a sama

Shawarata ita ce ka ajiye yanayin zahiri tukuna. Shiga wajen saita yanayi, ka zaɓi sararin sama garau, ka sa iska ɗaya tsayayya a tsayin tafiyarka, 050 da not 20, ka cire bugawar iska. Tashi daga Kano, ka hau ƙafa 6,500, wanda shi ne ya dace da mai tafiya da ido a alƙiblar da ke tsakanin 180 da 359. Dawowa sai 5,500 ko 7,500. Riƙe 329 ko 330 ba tare da kallon GPS ba. In ka fito a kan Katsina, jadawalin ya ci jarrabawa, kuma daga ranar duk kaucewar da ka gani ka san daga iskar da ka zuba take ko daga hannunka. In ka haɗa gwajin fomula da yanayin zahiri a tashi ɗaya, ba za ka san wanda za ka tuhuma ba.

Ka kuma ware hawa a layinsa. Filin Kano yana kimanin ƙafa 1,560 sama da teku, don haka hawa zuwa 6,500 kusan ƙafa 5,000 ne. In kana hawa ƙafa 500 a minti, minti 10 ke nan kana gudun da bai wuce 75 zuwa 80 ba. Jirgin da yake tafiya a hankali iska ta fi tura shi. Not 20 a gefe da gudun 80 gyaran digiri 14.5 yake so, ba 10.5 ba. Ni nakan ba hawan iskar da ke tsaka-tsaki tsakanin ta ƙasa da ta sama, ya ishe ni.

A yanayin zahiri kuwa, abin da jadawali ya ba ka zato ne mai kyau na farawa, gyaran gaskiya a sama ake yin sa. Raba hanyar zuwa zanguna na mil 15 zuwa 25, kowanne ya ƙare a kan abin da ido zai gane, gari ko madatsar ruwa ko mahaɗar hanya. A tafiyar Katsina, hanyar motar da ta bi ta Bichi da Kankiya tana hannunka na hagu. In ka ga tana matsowa har tana neman shiga ƙarƙashinka, iska ta fi ƙarfin gyaran da ka yi. Akwai ka'idar ɗaya cikin sittin: kaucewar mil 1 bayan tafiyar mil 60 daidai take da digiri 1. In ka yi mil 30 ka ga ka kauce mil 2 zuwa hagu, kuskuren digiri 4 ne. Ƙara 4 zai hana ka ci gaba da kaucewa kawai. Don ka koma kan filin, sai ka sake lissafa mil 2 ɗin a kan mil 47 da suka rage, ya ba ka kusan 2.5, ka ƙara duka biyun.

Abin da na fi jin daɗinsa a jadawalin shi ne juya lissafin baya, ka gano iskar da kake ciki daga abin da jirgin ya yi. Kana buƙatar abu huɗu: alƙiblar hanci a A, gudun gaskiya a B, layin da ka bi a ƙasa a C, gudun ƙasa a D, a wani shafi dabam.

E2: =B2*COS(RADIANS(A2))-D2*COS(RADIANS(C2))

F2: =B2*SIN(RADIANS(A2))-D2*SIN(RADIANS(C2))

G2: =MOD(DEGREES(ATAN2(E2,F2)),360)

H2: =SQRT(E2^2+F2^2)

G inda iskar take fitowa, H ƙarfinta. Misali ka riƙe 330 da gudun 110, amma ka ga layin da ka bi 316 ne, gudun ƙasa 104. Amsar ita ce iska daga 040 mai not 27. Ka mayar da wannan cikin jadawalin farko, gyaran ya tashi daga 10.5 zuwa 14, lokutan sauran zanguna su sabunta da kansu. Hattara da ATAN2: jerin da Excel yake karɓa ya saba da na harsunan shirye-shirye irin su Python, don haka in ka kwafo fomula daga can kai tsaye, za ta ba ka iska daga wata kusurwa dabam. A yadda na rubuta, na arewa ne farko, na gabas na biyu.

Don kyan gani, sa tsarin lamba 000 a gidajen alƙibla domin 42 ya fito 042. Kada ka damu da ɗigon digiri. Babu mai riƙe 329.5 da hannu, kuma hasashen iskar da ka zuba bai kai wannan daidaito ba. In ka taɓa ganin #NUM! a gidan H, ma'anarsa iskar gefe ta fi gudun jirgin, wanda a Cessna kusan kullum kuskuren bugawa ne. Man fetur kuwa mintuna ne a raba da 60 a ninka da abin da injin yake sha a awa. In ka ɗauki galan 8.5, zuwa Katsina kusan galan 6 ne, ban da tayar da inji da ƙarin da hawa yake ci da ajiyar ko-ta-kwana, wadda a dokar Amurka minti 30 ce da rana, 45 da dare ga mai tafiya da ido.

Iyakar wannan jadawali

Lissafin ya ɗauka iska ɗaya ce daga farkon zango zuwa ƙarshensa, kuma alƙiblar hanya ba ta sauyawa. A mil 77 wannan babu laifi. A tafiya mai nisa kamar Kano zuwa Jidda, gajeriyar hanya a kan doron duniya alƙiblarta tana sauyawa a hankali, iskar ma haka, sai an yanka ta gunduwa-gunduwa ko a koma ga shafukan tsara tafiya irin su SimBrief. Fomular gudun gaskiya da na bayar ta ƙananan jirage ce. Ga manyan jirage masu gudun da ya kusanci na sauti ba ta isa ba, domin iskar tana matsewa a gaban jirgin. Hadarin damina mai tsawa kuma yana zuwa da iskarsa ta kansa wadda babu hasashen da zai saka maka a gidan E da F.

Duk abin da na faɗa daga tuƙin kwamfuta da lissafi na samo shi, kuma a nan ya kamata ya tsaya. Lissafin iskar ɗaya ne da wanda ɗalibai suke koya a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, amma mai tashi da jirgin gaske da littafin jirginsa da rahoton hukumar yanayi da malaminsa yake aiki, ba da jadawalin da aka haɗa a gida ba. Kai dai ka fara da saka RADIANS a gidan G, ka yi jarrabawar nan ta iska sifili da gaba da baya da gefe, sannan ka tashi zuwa Katsina da tsayayyar iska kafin ka sake kunna yanayin zahiri.